Kaskon Gawayi a Ƙasar Ƙanƙara

Na tashi a birnin Zariya, a gidan ƙasa mai rufin azara, inda hunturu yake zuwa da hazonsa da kaushinsa ya yi wata biyu ko uku ya wuce. Abin da na fi tunawa a wannan lokaci shi ne kaskon kakata. Idan an idar da sallar isha'i sai ta kwashe garwashin da ya rage a murhu ta zuba a kasko, ta shigo da shi ɗakinta, mu jikoki mu kewaye shi muna jin ɗumi har barci ya kwashe mu. Ƙofar ɗakin asabari ne kawai ya rufe ta, kuma akwai 'yar taga a can sama wadda ba a taɓa toshewa ba, saboda haka iska tana shiga tana fita yadda ta ga dama. Ban taɓa jin an ware kuɗi a gidanmu domin sanyi ba, in ban da na man shafawa da 'yar rigar sanyi ta gwanjo. Da wannan sanin na girma, da shi kuma na bar gida, ban san cewa akwai ƙasar da sanyi yake da lissafinsa kamar kuɗin haya ba.

A shekarar 2011 na samu bizar Amurka ta hanyar ƙuri'ar da ake jefawa duk shekara a wancan zamanin, lokacin ina koyarwa a makarantar firamare, ina da mata da 'ya ɗaya. Mun sauka a Miniyapolis da ke jihar Minesota, muka zauna a wani bene na haya inda kuɗin ɗumama ɗaki yake cikin kuɗin hayar. Hunturunmu na farko ya ba mu tsoro idan mun fita waje, amma a cikin ɗaki da 'yar shara nake zama, kuma ban taɓa tambayar kaina daga ina ɗumin yake zuwa ko wane ne yake biyansa ba. Bayan shekara guda na samu aiki a wata masana'antar sarrafa naman talotalo a yammacin jihar, muka koma wani ƙaramin gari. A farkon 2013 Allah ya ba mu ɗa namiji, ɗakin da muke ciki ya yi mana kaɗan, sai wani abokin aikina ya ba ni labarin wani tsohon gidan gona da ke bayan gari, mai ɗakuna huɗu da fili, wanda hayarsa ba ta kai ta ɗakin da muke ciki ba.

Mai gidan dattijuwa ce da mijinta ya rasu, ta koma cikin gari kusa da 'ya'yanta. Ranar da ta zagaya da mu, a watan Mayu ne, ciyawa ta yi kore shar, ta kai ni bayan gida ta nuna mini wani farin tanki dogo a kwance a kan duwatsun siminti, ta buɗe murfin da ke samansa ta nuna mini wani ɗan agogo mai allura da ke nuna kashi nawa cikin ɗari na gas ya rage a ciki. Ta ce gas ɗin da ke ciki shi ne na ɗumama gida da na ruwan zafi da na girki, kuma cika shi a wuyana yake. Ta maimaita maganar sau biyu tana kallon idona. Ni kuwa na gyaɗa kai, domin a zuciyata na ɗauke shi kamar tukunyar gas ɗin da ake girki da ita a gida, wadda ake cikawa a manta da ita har wata guda. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a ranar ba karin magana nake ji ba, filin da yarana za su yi wasa nake gani.

Ya kamata in yi bayanin yadda abin yake ga wanda bai taɓa zama a irin wannan wuri ba. A manyan garuruwan Amurka iskar gas ta bututu take shiga gidaje, a biya kuɗinta a ƙarshen wata kamar na lantarki. Ƙauyuka da gidajen gona kuwa bututun bai kai gare su ba, sai su dogara da gas ɗin da ake kira furofen, wanda mota take kawowa ta ɗura a tanki. A Minesota kusan gida ɗaya cikin goma da shi yake ɗumi. Tankin da aka fi amfani da shi mai cin galan 500 ne, amma ba a cika shi fiye da kashi 80 cikin ɗari, domin a bar wa gas ɗin wurin buɗewa idan ya ji zafi, wato galan 400 ke nan. Idan aka auna da tukunyar kilo 12.5 da aka sani a gida, cikin tanki ɗaya ya kai tukunya sittin, kuma tsohon gida irin wanda muka kama yana iya shanye tanki biyu zuwa uku kafin hunturu ya fita. Wani abin da ban sani ba sai daga baya shi ne tankin ba na mai gidan ba ne, na kamfanin gas ne da ya ba da shi haya, kuma babu wani kamfani da zai yarda ya zuba gas a tankin da yake mallakar wani kamfanin. Tun kafin in san farashi, an riga an ɗaure ni da mai sayarwa guda ɗaya.

A cikin azumin wannan shekarar, wanda ya faɗo a watan Yuli, takarda ta zo daga kamfanin. Suna tayin in sayi gas ɗin hunturu tun da rani, in biya a lokacin a kan farashin da bai kai dala biyu kowace galan ba, su kuma su riƙa kawowa duk lokacin da nake bukata ba tare da ƙari ba. Ina da 'yan kuɗin da na tara, kuma da na bi tayin da sun isa galan ɗari bakwai ko takwas. Matata ta karanta takardar ta ce mu saya. To, a makon ne ƙanena ya bugo waya ya ce ruwan sama ya kayar da katangar gidanmu, ɗakin mahaifiyarmu kuma yana yoyo har sai an tara kwanoni. Ni ne ɗan fari, ni ne kuma wanda yake Amurka, kuma duk wanda ya taɓa zama a waje ya san nauyin waɗannan kalmomi biyu idan suka haɗu a kan mutum ɗaya. Na tura kuɗin aka sayi kwanon rufi da siminti. Da Babbar Sallah ta zo a tsakiyar Oktoba na sake tura kuɗin rago da na ɗinkin yara, domin ba na so a ce wanda ya yi rufi ya kasa layya. Takardar kamfanin kuwa na saka ta a aljihun tebur, na ce wa matata gas ba zai gudu ba.

Ba na nadamar rufin, ko yau aka sake tambayata zan yi shi. Abin da nake nadama shi ne ban zauna na yi lissafi ba, kuma ban gaya wa kowa a gida cewa kuɗin da na tura na ɗumin 'ya'yana ne ba. Da na yi magana, da an yi rabin aikin an bar rabi zuwa rani.

A watan Oktoba da Nuwamba, idan ina dawowa daga aikin dare, nakan wuce manyan rumbunan ƙarfe na manoma ina jin rurin injinansu, tururi yana tashi a cikin fitilu. Ina sha'awar abin, ban san cewa da ni ake rabon ba. A shekarar an samu masara irin wadda ba a taɓa samu ba a Amurka, amma an girbe ta a makare kuma da danshi, ga shi kuwa injinan busar da ita da furofen suke aiki. Kafin sanyi ya kankama manoma sun riga sun janye gas mai yawa daga ma'ajiyar yankin. A daidai lokacin ne bututun Cochin, wanda yake kawo gas daga Kanada kuma yake ɗauke da kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da Minesota take amfani da shi, ya tsaya na wasu makonni domin aikin da ake yi masa. Ga kuma jiragen ruwa da suke ta ɗibar gas daga gaɓar Teksas zuwa ƙasashen waje, domin can ya fi tsada. Duk wannan daga baya na karanta shi. A lokacin abin da na sani shi ne na sa an zuba galan 200 a ƙarshen Oktoba, na sake sa an zuba 200 a tsakiyar Disamba a kan farashin da ya ɗara na farko, kuma na yi tsaki na biya.

Ranar Litinin 6 ga Janairu 2014 Gwamna Mark Dayton ya rufe makarantun gwamnati na jihar baki ɗaya saboda sanyi. Ma'auni ya sauka zuwa wajen digiri 30 ƙasa da sifili a lissafin Salshiyas, ban da iskar da take kaɗawa a filin da babu itace babu tudu. Irin sanyin da idan mutum ya shaƙi numfashi sai ya ji gashin hancinsa ya daskare. Injin ɗumama gidan da ke ɗakin ƙasa ya daina hutawa, yana kashewa minti biyu ya sake tashi, ni kuma duk tashin da ya yi sai in ji kamar a aljihuna yake hura wutar. Na shiga al'adar fita da tocila kafin asuba, in bi ta cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, in share murfin tankin da hannun riga in duba allurar. Ta sauka daga 40 zuwa 30, daga 30 zuwa 20, kuma sanyin bai nuna alamar tafiya ba.

Da ta kai 15 na buga wa kamfanin waya. Matar da ta ɗauka muryarta a gajiye take, da ji ta sha faɗa da mutane tun safe. Ta ce farashin ranar ya haura dala biyar kowace galan, ba za su ba kowa fiye da galan ɗari ba, kuma tun da ni sabo ne ba ni da yarjejeniya da su, sai na biya kafin mota ta taso, sannan in jira mako guda ko fiye, domin waɗanda suka saya tun da rani su ne a gaba. Na ce ta sake faɗin farashin, ta sake. Dala ɗari biyar da wani abu a kan gas ɗin da ba zai kai mu mako biyu ba, alhali abin da ke asusuna bai kai ɗari uku ba, ga kuɗin haya yana tafe. Na kira wasu kamfanoni biyu, duka suka ce ba sa karɓar sababbin masu saye, ko da suna karɓa ma ba za su taɓa tankin wani ba. Ban ga laifin matar ba, domin a makonnin nan direbobinsu har Kansas da Teksas suke zuwa su kwana a layi kafin su samu lodi.

Wani abokin aiki ya ce mini in kwantar da hankalina, akwai dokar jiha da ta hana a yanke wa mutum ɗumi a lokacin sanyi. Dokar tana nan kuwa, amma ta shafi kamfanonin lantarki da na gas ɗin bututu ne. Wanda mota take kawo wa gas babu abin da za a yanke masa, motar ce kawai ba za ta zo ba. Mutanen karkara, waɗanda da yawansu tsofaffi ne da masu ƙaramin ƙarfi, su ne suka fi kowa zama a fili, kuma har yau wannan giɓin yana ba ni mamaki a ƙasar da ta tsara komai.

Muka shiga dabaru. Muka rufe saman benen gaba ɗaya, muka rataya barguna a ƙofofi, muka manne leda a tagogi, muka tattaro katifu zuwa falo. Na rage ma'aunin ɗumin gidan zuwa inda mutum yake ganin hucin bakinsa da safe. Yarinyata, wadda take da shekara biyar a lokacin, da hula da safar hannu take kwana, jaririn kuma uwarsa ta goya shi a cikin rigarta dare da rana. Na sayo hitar lantarki guda biyu, amma wayoyin gidan tsofaffi ne, da an kunna su tare sai wuta ta ɗauke. Na sayo ƙananan tukwanen gas masu nauyin fam 20 a gidan mai domin girki, in rage wa tankin nauyi, sai na tarar idan aka lissafa galan da galan sun fi na motar tsada. Matata ta daina dafa duk abin da yake daɗewa a wuta, wake da ganda suka fita daga gidan, muka koma taliya da shayi. A cikin wannan hali mahaifiyata ta bugo waya tana tambayar lafiyarmu, na ce mata lafiya lau, sai godiya, har na yi mata alkawarin kuɗin wata.

Daren Litinin 27 ga Janairu, ranar da gwamnan ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ƙarancin gas ɗin, allurar tana kan 5. An riga an gargaɗe ni cewa idan tanki ya ƙare ƙaf ba za a sake zuba masa ba sai an zo an gwada ko yana yoyo, kuma wannan ma kuɗi ne, sannan idan gidan ya huce bututan ruwa za su daskare su fashe. Sai na mayar da injin can ƙasa, daidai yadda bututan ba za su daskare ba, na ce mu kuma zan nema mana ɗumi ta wata hanya. Akwai ragowar buhun gawayi a gareji, wanda na saya domin gashin naman Sallah. Na hura shi a waje har ya daina hayaƙi ya zama jan garwashi, na zuba a wani kwanon ƙarfe, na ɗora a kan bulo biyu a tsakiyar falo.

Matata ta dube ni ta ce, "Maigida, ɗakin nan fa ba irin namu ba ne, ko'ina mun toshe shi." Na ce mata kakata ta haura shekara tamanin tana kwana da kasko, babu abin da ya same ta, kuma gawayin da ya riga ya ruru ba shi da hayaƙi. Ta yi shiru, ba don ta yarda ba, sai don ta ga halin da nake ciki. Gaskiya ɗumin ya yi daɗi. A karon farko cikin makonni uku yarinyar ta cire safar hannunta, ta miƙa tafukanta a kan garwashin kamar yadda nake yi ina yaro, har na ji wani alfahari ya taso mini, wai na kawo dabarar gida ta yi mana rana a ƙasar Turawa.

Abin da ya tashe ni wani ƙara ne mai huda kunne, wajen ƙarfe biyu na dare. Wata 'yar farar na'ura ce da ke manne a bangon hanyar ɗakunan kwana, wadda dokar jihar ta wajabta a saka a gidaje, kuma ban taɓa kula da ita ba. Na yunƙura zan tashi sai na ji kaina kamar an ɗaure shi da igiya ana ja, ƙafafuna kuma ba su da ƙarfi. Tunanin da ya fara zo mini, kuma ina jin kunyar faɗarsa, shi ne in cire batirin na'urar domin kada ta tashi yara. Har na kai hannu, sai na ji matata tana amai a bayana. Na juya na girgiza yarinyar, ta buɗe ido da ƙyar ta sake rufewa, jikinta ya saki kamar tsumma. Ban san yadda na buɗe ƙofa ba. Na dai tsinci kaina a waje ba takalmi, yarinyar a kafaɗata, matata tana biye da jaririn, muka shiga mota na buga lambar neman agaji hannuna yana rawa.

'Yan kwana-kwanan garin 'yan sa-kai ne, manoma da masu shaguna da ake tasowa daga barci. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zo maƙwabcina ne, wani dattijon manomi da gonarsa take kallon gidanmu, wanda wata takwas muna ɗaga wa juna hannu daga mota ba mu taɓa zama mun gaisa ba. Shi ne ya fito da kwanon garwashin ya kife shi a cikin ƙanƙara. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. A asibiti aka saka mana abin shaƙar iskar oksijin mu huɗu har gari ya waye. Likitar ta zauna ta yi mini bayani a hankali, ta ce garwashi ko ba ya hayaƙi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta kama wurin da oksijin yake zama, mutum ya ji barci mai daɗi ya wuce daga nan. Ta ce yara sun fi saurin kamuwa. A lokacin ne na tuna da asabarin kakata da 'yar tagar da ba a toshewa, na kuma tuna labaran da muke ji a gida na iyalan da aka wayi gari an tarar sun rasu a ɗaki saboda gawayi ko janareta, mu ce kwana ne ya ƙare mu wuce, ba mu tambayi yadda aka yi ba.

Kafin a sallame mu wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta tambaye ni ko na nemi tallafin ɗumama gida. Na san da shirin, domin an manna takardarsa a wurin aikinmu, amma ban nema ba saboda dalili biyu. Na farko, wani ya taɓa gaya mini cewa duk baƙon da ya karɓi taimakon gwamnati zai samu matsala ranar da ya nemi zama ɗan ƙasa, kuma ban bincika ba na yarda. Na biyu, wanda shi ne na gaskiya, ina ganin mutumin da ake kira daga gida ana yi masa godiya bai kamata a gan shi a layin neman taimako ba. Matar ta nuna mini cewa mai takardar zama ta dindindin irina yana da haƙƙi, kuma wannan tallafin ba ya cikin abin da ake riƙe mutum da shi. A makonnin nan ma jihar ta ɗaga kuɗin agajin gaggawa ga masu amfani da furofen daga dala 500 zuwa 1,000. Wato taimakon da zai biya mini abin da nake nema yana nan tun kafin in hura gawayin, girman kai ne ya tsaya tsakanina da shi.

Kwana huɗu muka yi a gidan wani abokin aikina Basomale a cikin gari, su bakwai a ɗaki uku, suka ba mu ɗaya. Ranar Juma'a liman ya yi magana bayan salla ba tare da ya ambaci sunana ba, aka tara abin da aka tara, ya damƙa mini a ambulan a bayan masallaci. Maƙwabcin nan manomi kuwa, ba tare da na roƙe shi ba, ya kai hitocinsa gidan ya jona su a layukan wuta daban-daban domin bututan ruwa, yana zuwa safe da yamma yana dubawa. Motar gas ta zo a rana ta biyar. Na tsaya a gefen direban ina kallon allurar tana hawa daga kusan sifili zuwa 25, kuma ban taɓa kallon wani abu da irin wannan ido ba.

Abu mafi wuya shi ne wayar da na yi wa mahaifiyata. Matata ce ta matsa, ta ce idan ban faɗa ba ita za ta faɗa. Na ce, "Inna, wannan watan ba zan iya turo komai ba," sannan na kwashe labarin duka na gaya mata, tun daga takardar da na saka a aljihun tebur har zuwa asibiti. Ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin kukan kaji a tsakar gida. Da yake ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai yaron nan, ashe rufin da nake kwana a ƙarƙashinsa bargon jikokina ne ka cire ka yi mini shi? Da ka faɗa mini ai da na ci gaba da tara kwanonina, yoyo bai taɓa kashe kowa ba." Daga nan ta ce in ba ta matata, suka daɗe suna magana, ban san abin da suka ce ba. Tun daga ranar, duk lokacin da na tura kuɗi sai ta tambaya ko an cika tankin, ita da ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba.

A watan Fabrairu hukumar tarayya mai kula da makamashi ta umarci wani babban bututu da ke tasowa daga Teksas ya fifita furofen a kan sauran kaya, majalisar jihar ta ƙara dala miliyan 20 a asusun tallafi, farashi kuma ya fara sauka tun kafin ƙanƙara ta narke. Amma bututun Cochin bai daɗe yana kawo mana gas ba, domin a shekarar aka juya shi ya koma kai wani irin mai zuwa Kanada, gas ɗin yankin ya koma dogaro da jirgin ƙasa da manyan motoci. Bashin da na ci a wannan hunturu sai da na kai watan Agusta ina biya. Da takardar kamfanin ta sake zuwa da rani, a ranar na cike ta. Na kuma nemi shirin gwamnati na gyaran gidaje domin riƙe ɗumi, mai gidan ta sa hannu, aka zo aka cusa abin tare sanyi a rufi da bango aka toshe kafofin tagogi, abin da muke ƙonawa ya ragu sosai.

Yanzu muna gidanmu na kanmu, shi ma a bayan gari, kuma abin da na fara saya bayan mun tare shi ne tankin, domin in riƙa kiran kamfanoni uku ina jin farashi kafin in zaɓa. Tsadar ba ta daina dawowa ba. A ƙarshen 2021 farashin ya sake hawa tun kafin sanyi ya shigo, a daidai lokacin da ƙanwata a Zariya take gaya mini cewa ta ajiye tukunyar gas ɗinta ta koma gawayi saboda cikawa ta gagara. Amurka ce ta fi kowace ƙasa fitar da irin wannan gas zuwa waje, har Najeriya tana cikin masu saye, don haka ni da ita kasuwa ɗaya take juya mu, ita a kan girki ni a kan ɗumi. Na tura mata abin da ya sawwaƙa, na kuma roƙe ta kada ta taɓa shigar da murhun cikin ɗaki ta rufe ƙofa, ko ana ruwa ko ana hunturu. Ta yi dariya ta ce Yaya ya zama Bature, sai da na ba ta labarin daren nan tukuna ta daina dariyar.

Yarinyar da na ɗauko a kafaɗa ta girma, ba ta tuna komai game da daren sai ƙarar na'urar da sanyin kujerar mota. Duk sabon baƙon da ya zo aiki masana'antarmu ya ce ya samu gida mai araha a bayan gari, nakan ce ya kai ni in gani, in wuce da shi bayan gida kafin mu shiga falo. Ita kuwa tsohuwar na'urar, da wa'adinta ya cika aka sauya ta, na roƙi dattijuwar ta bar mini, tana cikin aljihun teburin da na taɓa ajiye takardar kamfanin. Har yanzu daga watan Nuwamba zuwa Maris nakan fita da tocila bayan sallar asuba in share murfin tankin in duba allurar, ko da kuwa jiya aka cika shi.